Waƙa a Bakin Mai Ita: Haɗin Gwiwar Mai Shirya Fim da Masu Al'ada, da Darasinsa ga Yankwashi da Ƙasar Kazaure

Tsakure

Wannan takarda ta duba yadda mai shirya fim, musamman wanda ya haɗa sana'ar da koyarwa, zai yi aiki tare da jama'ar da yake ɗaukar rayuwarsu ba tare da ya taɓa mutuncinsu ko ya ci haƙƙinsu ba. An bi sawun majigin zamanin Turawa, da aikin Jean Rouch da abokansa a Nijar, da fim ɗin Shaihu Umar, da kuma Duniya Juyi Juyi wanda almajirai suka shirya a Kano, sannan aka leƙa al'ummar Tlingit ta Alaska don ganin yadda suke tsare mallakar labari da waƙa. Matsayin takardar shi ne, ana gane girmama al'ada ta abu biyu: ikon da masu al'adar suke da shi na cewa a saka ko a cire, da kuma abin da aikin ya bar musu bayan baƙo ya tafi. A ƙarshe an kawo shawarwari ga Yankwashi, Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura.

1.0 Gabatarwa



A yau duk mai wayar hannu mai ɗaukar hoto ne. Ranar kasuwa a Karkarna ko Babura, wajen dambe bayan an kawar da amfanin gona, wajen kamu da buɗar kai, har wajen jana'iza, da wuya a rasa wanda ya ɗaga waya yana ɗauka. Kafin a watse hoton ya hau Facebook ko TikTok, mutanen Legas da Jidda suna kallon fuskar tsohuwar da ba ta san an ɗauke ta ba. Ga kuma masu bincike daga jami'o'i, da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, da masu shirye-shiryen talabijin, kowa da kyamararsa yana neman ƙauyen da zai ɗauka.

Ƙasar Kazaure tana da abin ɗauka. Masarautar da Ɗan Tunku ya kafa a 1819 ta haɗa ƙananan hukumomin Kazaure, Roni, Gwiwa da Yankwashi, tana tsakanin Kano da Katsina da Daura, maƙwabciyarta Babura kuma tana bakin iyakar Nijar. Manoma da makiyaya da maƙera da masu tsangaya suna zaune a nan da ilimin da mafi yawansa ba a rubuta ba. Adana shi da kyamara alheri ne. Tambayar da takardar nan ta ɗauko ita ce: wa zai ɗauka, da iznin wa, kuma wa zai yanke hukuncin abin da duniya za ta gani?

2.0 Majigi: fim a kanmu, ba tare da mu ba

Hulɗar talakan ƙasar Hausa da fim ta fara ne da majigi. Tun wajen ƙarshen shekarun 1920 wani jami'in kiwon lafiya Bature, William Sellers, ya fara amfani da fim a Nijeriya don wa'azin tsabta, kuma da Ingila ta kafa sashen shirya finafinai na ƙasashen da take mulka a 1939, shi aka ɗora a kai. Motar majigi takan shiga gari, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko filin kasuwa, tafinta yana fassarawa da lasifika. Brian Larkin ya yi nazarin wannan tarihi a littafinsa na 2008 kan Kano.

Sellers ya gina tsarinsa a kan zaton cewa ɗan Afirka ba zai fahimci fim mai sauri ko mai sarƙaƙiya ba, don haka a ja hoto a hankali, a maimaita, a nuna mutum biyu, wayayye da duhun kai, mai kallo ya zaɓi wanda zai bi. Finafinai irin su Baban Larai, mai koyar da noman zamani, sun samu karɓuwa ƙwarai, wasu kuma sun amfanar. Amma manomin da ke cikin hoton ba shi ya zaɓi labarin ba, ba a kuma tambaye shi ko haka gonarsa take ba. Wannan ɗabi'a ba ta tafi da Turawa ba. Duk ɗan birnin da ya shigo ƙauye da labarinsa a rubuce, yana neman fuskokin da zai liƙa wa labarin, magajin majigi ne ko da Bahaushe ne ɗan Bahaushe.

3.0 Jean Rouch da masuntan Ayorou

Jean Rouch Bafaranshe ne da ya zo Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi. A can ya haɗu da wani saurayi ɗan masunta, Damouré Zika, abotar da ta ɗore fiye da shekara 60. A farkon shekarun 1950 Rouch ya ɗauki fim kan yadda Sarkawan kogin Kwara suke farautar dorina, mai suna Bataille sur le grand fleuve. A 1954 ya yi abin da masu irin aikinsa ba su saba yi ba: ya ɗauko majigi ya koma Ayorou ya nuna wa masuntan kansu.

Da suka kalla, sai suka ƙi yarda da kiɗan da ya ɗora a kan farautar. Hujjarsu ita ce ba a farautar dorina da kiɗa, domin tana ji a ƙarƙashin ruwa, kiɗa kuma ƙarfin zuciya yake ba ta. Rouch ya ɗora kiɗan ne don mai kallo a Faransa ya ji jarumtar mafarauta, amma ga masu sana'ar kiɗan ƙarya ya yi wa aikinsu. Ya amince da gyaran. A wannan zama ne kuma wani maharbi ya gayyace shi ya zo ya ga yadda suke farautar zaki da kwari da baka, abin da ya zama fim a 1965, Damouré kuma ya kawo shawarar su shirya fim ɗin da su da kansu za su fito a ciki. Haka aka samu Jaguar, labarin samari uku 'yan cirani da suka tafi Gwalkwas, wato Gana ta yau, inda Damouré da Lam Ibrahim Dia suka ɗora bayanin fim ɗin da bakinsu, da barkwancinsu.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne koyarwa. Oumarou Ganda, wanda Rouch ya samu yana aikin dako a Abidjan ya sa shi a fim ɗin Moi, un noir na 1958, ya dawo Yamai ya zama darakta mai cin gashin kansa. Fim ɗinsa Le Wazzou polygame shi ya fara cin babbar kyautar bikin finafinan Afirka na FESPACO a Wagadugu a 1972, kuma bayan rasuwarsa a 1981 bikin ya sa sunansa a kyautar da ake ba wanda ya yi fice a fim ɗinsa na farko.

Duk da haka, adalci ya sa a faɗi inda aka soki Rouch. Fim ɗinsa Les Maîtres fous na 1955, kan 'yan borin Hauka na Nijar mazauna Accra, masu borin ne suka gayyace shi ya ɗauka. Amma da aka nuna shi a Faris, ɗaliban Afirka da ke wurin sun ji an tozarta su, domin baƙon da bai san ma'anar abin ba, kumfar baki da jini kawai zai gani. Daga baya Ousmane Sembène na Senegal ya zarge shi da kallon 'yan Afirka kamar ƙwari. Darasin a nan shi ne, iznin ɗauka dabam, iznin nunawa dabam. Wanda ya yarda a ɗauke shi don 'yan'uwansa su gani bai yarda a kai shi gaban waɗanda za su yi masa dariya ba. Rouch ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a Fabrairun 2004, aka binne shi a Yamai.

4.0 Shaihu Umar: haɗin gwiwa da matsalar ajiya

A gida Nijeriya ma muna da misali. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Umaru Ladan ne tare da Dexter Lyndersay, malamin wasan kwaikwayo ɗan asalin Tirinidad, suka mayar da shi wasan daɓe, aka buga a 1975. Baƙon ya kawo sanin tsarin dandali, ɗan gida ya kawo harshe da sanin yadda malami yake zama a gaban almajiransa da yadda ake magana a fada. Daga nan Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976, da Hausa, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun.

Sai dai fim ɗin ya ɓace wa idon jama'a shekaru masu yawa. A 2016 ne aka gano faya-fayensa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, aka kai su Jamus aka gyara, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Matasan ƙasar Hausa da yawa sun girma ba su taɓa ganin ɗaya daga cikin manyan finafinan harshensu ba. Don haka haɗin gwiwa ba ya ƙarewa ranar da aka gama ɗauka. Inda aka ajiye kwafi, da wanda ke riƙe da makullin wurin, suna cikin yarjejeniya.

5.0 Duniya Juyi Juyi: almajirai riƙe da kyamara

Misalin da ya fi kusa da rayuwar Yankwashi shi ne Duniya Juyi Juyi. Hannah Hoechner, 'yar Jamus da ke bincike kan makarantun allo a Kano, ita ta jagoranci aikin a 2011 da tallafin Cibiyar Goethe. Almajirai tara ne suka shirya fim ɗin. An koya musu aikin kyamara da tsarin fim tare da taimakon ƙwararrun masana'antar finafinan Hausa, su suka tsara labarin daga abin da suke gani kullum, su suka ba da umarni, su suka fito a ciki. Labarin wani yaro ne, Aminu, da aka kawo daga ƙauye zuwa birni karatun allo, da irin faɗi-tashin da ya sha wajen neman abinci da aikatau a gidajen mutane, da yadda ya riƙe karatunsa.

An yi rubuce-rubuce da rahotanni barkatai a kan almajirai, galibi ana nuna su a matsayin matsala: mabarata, ko waɗanda za a iya ɗauka haya don tarzoma. Da kyamara ta shiga hannunsu sai akalar magana ta juya. Suka nuna kansu a matsayin masu neman ilimi da haƙuri, suka tuhumi masu wulaƙanta su da matan gidan da ke ba su abincin da ya lalace, suka nemi a kira su da sunan alheri. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Babu wani darakta daga waje da zai san waɗanne kalamai ne suka fi yi wa almajiri ciwo kamar wanda aka jefa da su.

Abin da ya ƙara wa wannan aiki daraja shi ne gaskiyar da mai binciken ta faɗa a maƙalarta ta 2015. Ta nuna cewa shiga aikin ya jawo wa samarin zargi da tuhuma a cikin jama'arsu. Ta kuma nuna cewa, don gudun kunyar talauci, sun rage ambaton rawar da talauci ke takawa wajen tura yara almajiranci, har hakan ya lulluɓe wani ɓangare na gaskiya. Abubuwa biyu ne a nan ga mai son yin irin aikin a ƙauyukanmu. Na farko, baƙo zai tafi, ɗan gida ne zai zauna da maganganun mutane: nawa aka ba ka, me ya sa ka tona mana asiri, me ya haɗa ka da Nasara. Na biyu, fim ɗin da jama'a suka yi da kansu yana nuna yadda suke so a gan su, kuma wannan haƙƙinsu ne. Aikin manazarci shi ne ya karanta shi da wannan sani, ya cike giɓin da bincikensa ba tare da ya tilasta wa wani fallasa kansa ba.

6.0 Abin koyi daga Tlingit

Tlingit al'umma ce ta 'yan asalin kudu maso gabashin Alaska a Amurka. Sun kasu ɓangare biyu, na Hankaka da na Mikiya, kowane ɓangare da zuriyoyinsa, nasaba kuma ta wajen uwa ake bin ta. A dokarsu ta gargajiya, waƙa da labari da suna da tambarin da ake sassaƙawa a itace ko a saƙa a bargo duk dukiyar zuriya ce, kamar yadda gona take. Mutum ba ya rera waƙar zuriyar da ba tasa ba, ko ya ba da labarinta a bainar jama'a, sai da izni, kuma sai ya ambaci masu ita. Sun sha wahalar makarantun da suka hana yaransu magana da harshensu, da 'yan kasuwar da suka kwashe kayan tarihinsu zuwa gidajen ajiya, shi ya sa suke tsaurara wannan doka.

Waɗanda suka yi nasarar aiki da su sun bi ta wannan ƙofa. Nora Marks Dauenhauer, 'yar ƙabilar, da mijinta Richard Dauenhauer, sun buga tarin labaran dattawa a 1987 da harshen Tlingit da Ingilishi, kowane labari da sunan wanda ya ba da shi. Cibiyar Sealaska Heritage da aka kafa a 1980 a Juneau tana adana muryoyi da hotunan dattawa a hannun 'yan ƙabilar. Ellen Frankenstein, mai shirya fim mazauniyar Sitka wadda kuma take koya wa matasa aikin, ta fitar da A Matter of Respect a 1992, inda 'yan Tlingit suke bayyana rayuwarsu da bakinsu.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Taken sarki na sarki ne, ba a kaɗa wa kowa tambari. Kirarin maharbi nasa ne. Asirin maƙera da wanzamai da masu ɗori gadon gida ne, ba a faɗa wa ɗan koyo sai ya daɗe yana hidima. Bambancin kawai shi ne Tlingit sun mayar da tasu dokar sharaɗin da mai kyamara zai cika kafin ya fara, mu kuwa kara da alkunya sukan hana mu ce wa baƙo a'a. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta tanadi kariya ga fasahar gargajiya ta al'umma, Nijeriya kuma tana cikin yarjejeniyar UNESCO ta 2003 kan al'adun da ake gada, wadda a ƙarƙashinta aka sa bikin kamun kifi na Argungu a 2016 da hawan sallar Kano a 2024. Doka tana nan. Saura jama'a su san da ita.

7.0 Shawarwari ga Yankwashi da maƙwabtanta

Na farko, izni hawa-hawa ne. Bi ta hannun hakimi da dagaci da mai unguwa wajibi ne, amma izninsu na shiga gari ne. Maƙera tana da Sarkin Maƙera, tsangaya tana da alaramma, ruga tana da arɗo, gida yana da maigida, kuma matar da za a ɗauka tana daka ita ce mai cewa e ko a'a a kan fuskarta da muryarta. Yaro ba ya ba da izni. Na iyayensa ko malaminsa ake nema, tare da yardarsa.

Na biyu, a yi bayani da Hausa ko Fulatanci, a gaban shaidu, a faɗi inda za a nuna fim ɗin: makaranta, talabijin ko intanet. Takardar Turanci da aka dangwala wa yatsa ba yarda ba ce. Idan wurin nunawa ya canza, a dawo a sake tambaya.

Na uku, cikin gida na mata ne. Waƙoƙin daka da niƙa, al'adun haihuwa da wankan jego, sana'o'in kulle, duk ilimi ne mai yawa da namiji baƙo ba zai wuce zaure ya gani ba. Hanya ita ce a koya wa 'yan mata riƙe kyamara, su ɗauka, matan gidan su fara kalla su ware abin da na mata ne zalla.

Na huɗu, a nuna kafin a fitar. Kafin a kammala haɗa hoto, a koma garin a nuna wa waɗanda ke ciki, kamar yadda aka yi a Ayorou, kuma abin da suka ce a cire a cire shi. Wanda ba zai iya jure wannan sharaɗi ba, kada ya kira aikinsa haɗin gwiwa.

Na biyar, a fayyace maganar kuɗi tun farko, a gaban mutane, don kare 'yan gida daga zargi. A rubuta sunan mawaƙi da makaɗi da mai ba da labari da garinsu a jikin fim, a daina cewa "wani tsoho".

Na shida, a bar ilimi da kwafi. Yankin nan yana da Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure, da cibiyar koyar da fasahar kwamfuta ta jiha a garin, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021. Waɗannan makarantu, tare da fadar Mai Martaba Sarkin Kazaure, za su iya buɗe ma'ajiyar muryoyi da hotuna inda duk wanda ya ɗauki wani abu a yankin zai ajiye kwafi, kuma duk mai shirya fim da ya zo ya ɗauki ɗalibai 'yan ƙasa ya koya musu.

8.0 Kammalawa

A 1966 wasu masana biyu na Amurka, Sol Worth da John Adair, suka je wurin ƙabilar Navajo a Arizona don koya musu ɗaukar fim. Wani dattijo mai maganin gargajiya, Sam Yazzie, ya tambaye su ko fim zai cutar da tumakinsa, suka ce a'a. Ya tambaya ko zai amfani tumakin, suka ce a'a. Sai ya tambaye su dalilin yin sa. Makiyayin Gwiwa da manomin Roni suna da haƙƙin yin wannan tambaya, kuma wajibi ne mai kyamara ya zo da amsar da za ta gamsar da su.

Misalan da aka kawo sun nuna cewa aikin da aka yi tare da masu al'ada ya fi inganci ko ta fuskar ilimi: masuntan Ayorou ne suka gyara kuskuren da masani bai gani ba, almajiran Kano ne suka faɗi abin da rahotanni suka kasa faɗa. Ina kira ga iyayen ƙasa da shugabannin ƙananan hukumomin Yankwashi, Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura su zauna da malaman makarantun yankin da masu sana'ar fim, su rubuta waɗannan sharuɗɗa da Hausa a taƙaice, a raba wa dagatai da masu unguwanni, a karanta wa duk mai son ɗauka kafin ya kunna kyamara. Dattawan da ke riƙe da wannan ilimi suna ƙarewa, don haka a fara aikin yanzu, kuma 'ya'yansu su riƙe kyamarar.